Zumunci a Ƙafa Yake

(Jawabin da ɗaya daga cikin fastocinmu ya gabatar wa dattawa da membobin ikilisiyoyin karkara na arewacin Jihar Kano, a taron zumunta na bayan kaka.)

  Na san akwai waɗanda suka taso tun asuba daga ƙasar Tsanyawa da Kunchi, wasu daga Shanono da Bagwai, wasu kuma daga wajen Bichi, Dambatta da Makoda.  Mun gode wa Allah da ya nuna mana amfanin gona ya shiga rumbu muna raye.

An ba ni in yi magana a kan iyali, da yadda za mu tsaya wa junanmu a manyan ranakun rayuwa, watau haihuwa, suna, gama makaranta, baftisma, aure, ciwo da mutuwa. Abu ɗaya kawai nake so mu koma gida da shi, kuma ba ni na ƙirƙiro shi ba, kakanninmu suka faɗa tun kafin a haifi kowa a nan: zumunci a ƙafa yake. Zan yi ƙoƙari in nuna dalilin da ya sa wannan magana ta fi nauyi a kanmu yau fiye da dā, kuma zan gaya muku yadda ni da kaina na taɓa faɗuwa a cikinta, domin kada wani ya ce Fasto yana yi mana faɗa daga kan bagadi.

Yadda ƙasarmu ta rene mu

Wannan yanki namu ba kamar sauran ƙasar Hausa yake ba. A nan, in ka tsaya a bakin gonarka za ka hango shingen maƙwabcinka, in ka ɗaga murya za a ji ka a gida na gaba. Wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya kuma a Jami'ar Bayero ta Kano, ya yi bincike a kan karkarar Kano tun a shekarun 1960. Abin da ya ja hankalinsa shi ne yawan jama'a a kan ƙasa kaɗan, da yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba a barinta ta huta, amma kuma ba ta mutu ba. Mu mun san sirrin, gama mun ɗauki mangala. Taki ne, na tumaki da na awaki, da shara da toka da ake ɗaukowa a kan jakai har daga cikin birni. Gonar da ake ci kullum, dole a ciyar da ita kullum. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A cikin irin wannan zama muka tashi. Yawancinmu da muka haura shekara hamsin mun yi gandu. Maigida da 'ya'yansa da ƙannensa su fita gona ɗaya tun da sassafe har rana ta take, sa'an nan kowa ya juya ga gayaunarsa. Maigida shi ke ciyarwa, shi ke biyan haraji, shi ke yi wa yaro auren fari. In noma ya fi ƙarfin gida, a kira gayya. In an yi haihuwa, gwaggo ko kaka ta tare a gidan har a gama wankan jego na kwana arba'in. In aure ya taso, mata su kawo biki, wadda kika kai wa jiya ita za ta kawo miki gobe. A lokacin ba wanda yake neman lokacin zumunci, domin aikin da kansa shi ne zumuncin. Kana noma kusa da ɗan'uwanka, kana jin damuwarsa ba tare da ka tambaya ba.

Yau fa? Gonar da kakanmu ya noma shi kaɗai an raba ta gida shida, an sāke raba kowane kashi. Abin da ya rage ba ya riƙe iyali daga kaka zuwa kaka. Saboda haka 'ya'yanmu sun bazu. Wani yana dako a Dawanau, wani yana gadi a Abuja, wani yana tuƙa babur a Legas, wata tana aikin jinya a Kaduna. Ci-rani da a dā ake tafiya bayan girbi a dawo da ruwan farko, yanzu ya zama na shekara da shekaru. Ban ce laifi ne ba. Yawancinsu saboda mu suka fita, kuma da guminsu ake sayen taki na zamani.

Sai kuma abubuwa biyu suka ƙaru. A shekarar 2001 wayar hannu ta shigo Nijeriya, kuma a hankali ta iso har ƙauyukanmu. Alheri ce babba. Amma ta zo mana da wata dabara: ka kira ka ce sannu, ka tura kuɗi, alat ya shiga, sai ka ji a ranka ka sauke nauyi. Na biyu, a ranar 29 ga Mayu, 2023, aka sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. Kuɗin mota ya bi ta. Wanda a dā yake zuwa gida duk wata, ya koma zuwa Kirsimeti kawai. Ga uzuri na gaskiya ya samu, ga kuma waya a aljihu. Ta haka ƙafa ta yi nauyi.

Abin da ya faru da ni

Mahaifina da ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya suke, a gidan gargajiya aka haife su. Mahaifina ya karɓi bishara yana saurayi, ƙanensa kuwa ya musulunta. Kun san irin wannan gida, gama da wuya a sami wani a cikinmu da ba haka danginsa suke ba. Mahaifina ya rasu ina ɗan shekara goma sha huɗu, Baffa ne ya riƙe gonarmu har na girma, bai taɓa rage mana ko kunya ɗaya ba. Da zan tafi makarantar tauhidi a Tofa, ya sayar da tunkiya ya ba ni kuɗin. Ranar da aka yaye mu, ina cikin layi da rigar biki, sai na hango shi can baya a gindin bishiya, da kekensa a jingine. Bai shiga majami'a ba, amma ya zo, kuma tafiyar ba ƙarama ba ce. Da na je na durƙusa na gaishe shi, abin da ya ce shi ne, "Ubanka ba ya nan, shi ya sa na zo in gane masa."

A damina ta 2016, ina hidima a wata ikilisiya kusa da birni, ɗan Baffa ya kira ni ranar Talata ya ce, "Yaya, jikin tsoho fa ya matsa, yana ta tambayarka." A makon nan ina da taron kwamiti ranar Laraba, nazarin Littafi Mai Tsarki ranar Alhamis, ɗaurin aure ranar Asabar, ga wa'azin Lahadi. Na duba takardar ayyukana, na ce masa, "Ka gaishe shi, in Allah ya yarda ranar Litinin ina tafe." Na je tasha na ba wani direba da na sani kuɗi a ambulan ya kai a sayi magani. Maiɗakina ta ce mini, "Baban yara, da ka je ka dawo a yau, ai tafiyar ba ta kai awa biyu ba." Na ce mata aikin Allah ya yi mini yawa.

Baffa ya cika ranar Jumma'a da asuba. Kun san 'yan'uwanmu Musulmi ba sa jinkirta jana'iza. Wayata tana kashe saboda addu'ar safe, kafin in kunna in sami mota in isa, an dawo daga maƙabarta. Na zauna a tabarmar makoki tare da maza, aka yi mini gaisuwa kamar kowa. Da yamma Gwaggo, yayarsu, ta aika a kira ni cikin gida. Ta kwance bakin zaninta ta miƙo mini ambulan ɗin nan, ko buɗe shi ba a yi ba. Ta ce, "Ga kuɗinka, sun iso. Da aka nuna masa, cewa ya yi a ajiye maka, in ka zo ka ba shi da hannunka."

'Yan'uwa, na yi wa'azi a jana'iza ba iyaka, amma ba a taɓa yi mini wa'azi irin na ranar ba. Taron kwamitin da na tsaya dominsa, yau ko abin da muka tattauna ban tuna ba. Da na sani ƙeya ce.

Abin da Maganar Allah ta nuna mana

Da na koma gida na shiga binciken Littafi Mai Tsarki a kan wannan batu, sai na ga ashe mutanen Allah masu tafiya ne. Bari in tuna mana da wurare huɗu, ku karanta su a gida.

A Farawa sura 25, Ibrahim ya rasu. Su wa suka binne shi? Ishaku da Isma'ilu, su biyu. Kun san tarihin gidan: kishi tsakanin iyayensu mata, har aka sallami Hajaratu da ɗanta zuwa jeji. Shekaru masu yawa sun wuce kowa yana nasa wuri. Amma ranar da uba ya kwanta, dukansu suka tsaya a bakin kogon Makfela. Ba a gaya mana sun warware dukan abin da ke tsakaninsu ba. An dai gaya mana sun zo.

A Luka sura 1, da Maryamu ta ji 'yar'uwarta Alisabatu ta sami ciki da tsufanta, ta tashi daga Nazarat ta Galili zuwa ƙasar tuddai ta Yahudiya, tafiyar kwanaki, ita ma kuwa da nata juna biyun. Ta zauna wajen wata uku. Iyayenmu mata sun san abin da mace mai tsohon ciki take bukata: wadda za ta ɗebo ruwa, ta hura wuta, ta zauna kusa da ita da dare.

A Ayuba sura 2, abokansa uku suka taso kowa daga garinsa, suka zauna tare da shi a ƙasa kwana bakwai ba wanda ya ce uffan. Wannan shi ne mafi kyawun abin da suka yi a dukan littafin. Sai da suka buɗe baki suka fara bayani ne suka ɓata rawarsu da tsalle. Ina faɗin haka saboda masu cewa, "In na je me zan ce?" Ba sai ka ce kome ba. Je ka zauna.

Na huɗun shi ne wanda ya fi sukana. A Markus sura 7, Ubangiji Yesu ya tsauta wa malaman addini domin sun buɗe wa mutane wata ƙofa: mutum ya ce abin da ya kamata ya taimaki iyayensa da shi ya riga ya keɓe wa Allah, shi ke nan ya kuɓuta daga haƙƙinsu. Su da dukiya suka yi. Ni da lokaci na yi. Na ɗauki kwanakin da Baffa yake da haƙƙi a kansu na sa musu suna aikin Allah. Abokan aikina, dattawa, shugabannin zumuntar mata da ta matasa, mu binciki kanmu a nan.

Dalilin da ya sa abin ya fi nauyi a kanmu

Mu kaɗan ne a garuruwanmu, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. A wani ƙauyen gida biyar ne, a wani gida biyu. Saboda haka akwai jaraba iri biyu da ke damunmu.

Ta farko ita ce mu tattara kanmu wuri ɗaya, mu ce ikilisiya ta ishe mu dangi. Gaskiya ne ikilisiya iyali ce. Amma kawunka da bai bi hanyarka ba har yanzu kawunka ne, jini bai canja ba ranar da aka yi maka baftisma. Shi ne ya san iyakar gonar ubanka. Ranar da rigimar gado ta taso a gaban mai unguwa ko dagaci, shaidarsa za a nema. Ranar da wata magana ta tashi a gari a kan masu bi, wanda zai miƙe ya ce, "Wannan namu ne, mun san shi," shi ne mutumin da ka zauna a tabarmar makokinsa. Ba ina cewa mu yi zumunci don riba ba. Ina cewa wanda ya yanke igiyar guga da hannunsa kada ya yi kukan ƙishirwa. Kuma me za su karanta game da bangaskiyarmu? Yawancin danginmu ba za su taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki ba. Ƙafafunmu suke kallo. In ɗan gidan ya zama mai bi sai aka daina ganinsa a suna da biki da gaisuwar mutuwa, sun riga sun yanke hukunci a kan abin da bishara take yi wa mutum.

Na san tambayar da ke ran wasu: in na je aka zo wurin abin da lamirina bai yarda da shi ba fa? Amsar ba ta da wuya. In 'yan'uwa Musulmi sun tashi sallar gawa, ka tsaya gefe da ladabi, in an ɗauka ka bi, in ana haƙa ka karɓi magirbi, in an dawo ka zauna. In a gidan danginmu masu bin gargajiya ne aka zo wurin yanka na tsafi ko aka kawo tulun giya, ka ce, "Baba, ka san wannan ban da ni," ka ci gaba da sauran hidima. A shekaruna na aiki ban ga wanda aka kora saboda ya faɗi haka da girmamawa ba. Abin da ke ɓata rai shi ne rashin zuwa. Ku tuna Baffa a gindin bishiya. Bai bar addininsa ba, bai kuma bar ɗan wansa ba.

Jaraba ta biyu ita ce mu cika kowace rana da taro. Saboda mu kaɗan ne, mutum ɗaya shi ne dattijo, shi ne ma'aji, shi ne malamin makarantar Lahadi, shi ne ɗan kwamitin gini. Mace ɗaya tana zumuntar mata ranar Talata, koyon waƙa ranar Alhamis, sharar majami'a ranar Asabar. Yaushe za ta je duba mahaifiyarta? A Fitowa sura 18, surukin Musa ya ga yadda yake zama tun safe har yamma yana sauraron jama'a shi kaɗai, ya gaya masa gaskiya cewa zai gaji ya kuma gajiyar da mutane, ya ba shi shawara ya raba aikin. Musa bai ce ai aikin Allah ne ba. Ya ji, ya raba.

Mu tuna kuma da watan Afrilu na 2020, sa'ad da aka rufe Kano saboda annobar korona, aka hana taro da tafiye-tafiye. Tsofaffi da yawa sun rasu a makonnin nan, kuma akwai waɗanda ba su sami raka nasu ba. A lokacin kowa ya ce, in Allah ya buɗe hanya ba zan ƙara wasa da ziyara ba. Hanya ta buɗe. Mu tambayi kanmu ko mun cika alkawarin.

Na cikin gida ma suna jira

Kada mu ɗauka maganar ta dangi na nesa ce kawai. Akwai manyan ranaku a cikin ɗakunanmu da muke bari su wuce kamar ba kome ba. Yaro zai fara rubuta jarrabawar WAEC ko NECO, ya tashi da asuba ya fita, uban ko "Allah ya ba da sa'a" bai ce ba. Yarinya ta gama Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi, ko Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta, ita ce ta farko a zuriyarku da ta kai nan, ranar yaye ɗalibai tana ta waige-waige, iyayen wasu sun zo da kwanon abinci, nata suna kasuwa. Za ta ce ba kome. Amma za ta tuna har ta tsufa, kamar yadda nake tuna keken Baffa. Ɗanka zai tafi bautar ƙasa wata jiha da bai taɓa zuwa ba, ka raka shi tasha, ka ɗora masa hannu ka yi addu'a a gaban mota, kada ka ji kunya.

Maza, ina magana da ku musamman. Matarka ta haihu, ka sayi rago, ka sayi itacen wanka, madalla. Ka zauna kusa da ita ka tambaye ta yadda jikinta yake? Ka raka ta awo ko sau ɗaya? Mun gāji kunya da kawaici, kuma suna da kyau a wurinsu, amma kawaici bai hana mutum ɗauko ruwa ba. Tsofaffinmu kuma, babbar ranarsu ba ta da kati ko sanarwa. Ranar da ido ya fara dushewa, ranar da ƙafa ta kāsa kai su majami'a, ranar da aboki na ƙarshe na ƙuruciya ya rasu, waɗannan su ne ranakunsu. Wanda ya kai tsohuwarsa Asibitin Ido na ECWA a Kano ya zauna da ita a layi tun safe, ya yi sujada a ranar, ko da bai rera waƙa ko ɗaya ba.

Ku kuma matasa da ke birni, mun gode da abin da kuke turowa, Allah ya ƙara buɗi. Amma in ka lissafa abin da kake sa wa waya na kati a wata uku, za ka ga ya kusa kuɗin motar zuwa gida. Uwarka ba ta iya taɓa fuskarka ta waya ta ce ka rame. Gani ya kori ji.

A ware iri tun da kaka

To, ina za a sami lokacin? Kowa a nan manomi ne ko ɗan manomi, saboda haka kun riga kun san amsar. Yaushe ake ware iri? Ba a bari sai rumbu ya kusa ƙarewa a watan bazara sa'an nan a ce bari a duba ko akwai saura. Tun ranar girbi ake zaɓen zangarniya mafi kyau, a ɗaure daban, a ajiye inda hannu ba ya kaiwa. Ko yunwa ta matsa, mai hankali ba ya daka irinsa. Haka lokaci yake. In ka ce sai abin da ya rage bayan aiki da kasuwa da taro za ka ba iyali, ba abin da zai rage. A gaba ake cire shi.

Ga shawarwari biyar da nake roƙon dattawa su duba, kowace ikilisiya bisa ga halinta.

Na ɗaya, kowane gida ya zauna a farkon shekara ya rubuta abin da ya sani yana tafe: wa zai yi aure, wa ke da ciki, wa zai gama makaranta, wane tsoho ne jikinsa ya yi rauni. Yawancin manyan ranaku ba sa zuwa ba sallama. Ciki wata tara yake yi yana sanarwa.

Na biyu, a ware kuɗin ƙafa. In an sayar da gyaɗa ko wake, a cire wani abu a ajiye da sunan kuɗin mota. Iyayenmu mata sun iya adashi, su koya mana. Ikilisiya ma tana iya buɗe ƙaramin asusu, domin kada talauci ya hana mai bi zuwa jana'izar uwarsa.

Na uku, majalisar dattawa ta duba jerin tarurrukanta, ta bar aƙalla yini ɗaya a mako da ba a kiran kowa majami'a, a kuma faɗa a fili cewa ranar ziyara ce. In wani ya ɗauki uzuri daga taro saboda ciwon mahaifi ko bikin ɗan'uwa, kada a dube shi kamar mai sanyin bangaskiya. A tambaye shi ko yana da kuɗin mota.

Na huɗu, in labarin ciwo mai tsanani ya zo, a tafi a ranar. Aure yana jira, suna yana da kwana bakwai, amma rai ba ya jiran Litinin. Fastoci, mu horar da dattawan da za su riƙe sujada in ba mu nan. Ikilisiyar da ba ta iya yin Lahadi ɗaya ba tare da fasto ba, mu ne ba mu yi aikinmu ba.

Na biyar, kada mu bar kowa ya tafi shi kaɗai. In mai bi zai je gaisuwa a gidan danginsa da suka daɗe ba sa shiri, dattijo ɗaya ko biyu su raka shi. In gwauruwa za ta aurar da 'ya, zumuntar maza su tsaya a matsayin uba. In sabon mai bi ne da danginsa suka juya masa baya, mu ne za mu cika masa tabarma ranar sunan ɗansa, mu kuma ƙarfafa shi kada ya gaji da kai gaisuwa gida. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na ce za mu dawo kan maganar taki. Gonakinmu sun ciyar da kakanninmu sun kuma ciyar da mu, ba domin sun fi na kowa kyau ba, sai domin kowace shekara akwai wanda ya ɗauki mangala ya kai. Ba a kai taki sau ɗaya a ce an gama. Dangi ma kullum muke ci daga gare su, a shawara, a rance, a shaida, a addu'a. Ziyara ita ce takinsu.

Ambulan ɗin nan yana cikin akwatina har yau, ban kashe kuɗin ba, ko da yake yanzu ba za su sayi abin kirki ba. Bara ɗan Baffa ya aurar da 'yarsa ta fari. Ranar ta faɗo daidai da wani taron fastoci da aka sa ni jawabi. Na rubuta na ba da haƙuri, na tafi gida tun ana saura kwana biyu. Na taya kafa rumfa, na zauna tare da dattawa aka karɓi baƙi, da aka zo ɗaurin aure na koma gefe na tsaya. Gwaggo yanzu ba ta gani sosai. Da ta ji muryata ta laluba ta kama hannuna ta ce, "Wane ne? Ɗan ƙanena ne? To, yau ka zo da ƙafarka."

Kafin mu tashi, ina roƙon kowa ya yi shiru na minti ɗaya, ya kawo sunan mutum ɗaya a ransa, wanda ya daɗe yana cewa zai je ya gani. Kada ka ce wata rana. Sa ranar yanzu, ka gaya wa na kusa da kai domin ya zama shaida.

Ubangiji ya gafarta mana inda muka yi sakaci, ya ba mu ƙarfin ƙafa da abin hawa, ya kiyaye 'ya'yanmu da ke nesa, ya ba garuruwanmu zaman lafiya, ya kai kowa gidansa lafiya. Cikin sunan Yesu. Amin.